Bakancen Dawuda a Kan Kofin Turai

Clermont-Ferrand, Faransa
Ƙarshen Maris, 2013

Zuwa ga taubashina Malam Abdulwadud, a Makka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da karatu, da zafin garinku da nake jin labarinsa. Ya Shatu da yara can Kazaure, kana dai jin muryarsu? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya. Hure ta yi mura ta warke. 'Yarmu ta fara takawa, kuma inda ta fara nufa shi ne gaban tele, ka ga 'yar ubanta ce.

Na san za ka ce jikan Ɗaso ba ya rubuto wasiƙa sai da dalili. To, akwai. Tun da aka ɗauke kakata daga gidan yayanta, wato kakanka Malam Hassan, aka kai ta aure Damagaram, danginmu ba sa haɗuwa sai a biki ko makoki. Ni da kai ma sau ɗaya muka ga juna, muna yara, ka ture ni cikin taɓo ka gudu. Bana, in Allah ya so, zan zo har Makka in rama.

Ga yadda abin yake. Mutanen garin nan zari-ruga ce abin sonsu, ni ma zama ya sa ta shiga jinina. Ƙwallon kamar gwanda take. Mutum goma sha biyar kowane ɓangare, a sungume ta a ruga, ba a jefa ta gaba sai baya, wanda duk ya riƙe ta a kayar da shi. In ka kai ta bayan layin abokan karawa ka dangwara a ƙasa, maki biyar ne, a ƙara biyu in an buga ta tsakanin sanduna. Bugun laifi kuma uku. Ƙungiyarmu Clermont ba ta taɓa ɗaukar Kofin Turai ba. Ranar da muka bi Leinster masu riƙe da kofin har gida muka lallasa su, sai na miƙe a gaban tele, Hure na zaune, na ce na yi wa Allah alkawari in muka ɗauki kofin bana zan yi Umara da azumi.

Kamfanin tayar mota da nake wa aiki sau ɗaya yake ba mu dogon hutu a shekara, kwanje muke ce masa, kuma bana ya faɗo daidai goman ƙarshe. Hure ta riga ta ɗora ranta a kan Damagaram, tana so tsohuwarta ta ga jikar. Amma ta ce in magana ta zama tsakanina da Allah ba za ta shiga ba.

Saura ƙungiyoyi takwas. Mu da Montpellier ne a filinmu, inda aka yi shekaru ba wanda ya ci mu, wannan ka ɗauka an gama. Toulon za ta wuce Leicester, Saracens ta wuce Ulster, Harlequins kuma ta kori Munster, don tsofaffi ne sun gaji. Kai dai ka sa mu a addu'a a gaban Ka'aba, kuma ka share mini wuri.

Naka,
Dawuda

*

Kudai, Makka
Farkon Afrilu

Zuwa ga Dawuda, jikan Ɗaso.

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya. A gaishe da Hure, a shafa mini kan 'yar tele. Shatu da yara suna lafiya, ƙaramin ma ya fara magana, sai dai in an ba shi waya Malam yake ce mini, yadda ya ji mutane na faɗa. Maganar taɓo kuwa ban tuna ba, amma in na yi, na tabbata ka cancanta.

Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Abin da ka yi sunansa bakance, kuma irin wannan na "in ka ba ni, in yi maka" malamai ba sa son sa, karhanta shi suka yi. Mutum ya rasa abin da zai rataya Umararsa a kai sai wasu ƙatti masu gajeren wando! Sai dai tun da ka furta, ya ɗauru. In sharaɗi ya cika, zuwa ya zama dole a kanka.

Na gama faɗan, yanzu ga gaskiya. Ban san sau nawa na karanta wasiƙarka ba. Ɗakina a hawa na uku yake, tagar tana kallon tashar da motocin alhazai ke sauke mutane. Ma'aruf, wanda muke kama ɗakin tare, ya gama karatu ya koma gida tun bara, gadonsa na nan ba kowa. Wani lokaci bayan la'asar nakan sauka in tsaya bakin tashar. Sai in ji Hausa tana tashi daga wata mota, in matsa in nuna musu inda za su hau ta Harami, su ce Allah ya saka, su wuce. Duk duniya nan take zuwa, Dawuda, amma duk shekarun nan ban taɓa tarbar nawa ba. Shatu ba ta samu takardar zama ba, 'yan uwana kuwa kullum sai baɗi. Bana ce shekarata ta ƙarshe, da na kare kundina bayan aikin Hajji iƙamata, wato takardar zamana, ta ƙare, sai gida. In ba ka zo da azumin nan ba, haka zan bar Makka ban taɓa riƙe hannun wani nawa mun yi ɗawafi ba.

Addu'ar ƙwallo dai ban yi ba, kunya ta hana ni. Na roƙi Allah ya kawo ka. Ta wace hanya, Shi ya sani.

Ka ƙara mini bayani: me ya sa ba a jefa ta gaba, alhali gaba ake son zuwa?

Ɗan uwanka,
Abdulwadud

*

Clermont-Ferrand
Tsakiyar Afrilu

Malam, salamu alaikum. Kowa lafiya, ina fata kai ma haka.

Talatin da shida da goma sha huɗu! Haka muka yi wa Montpellier. Da ka ga filinmu ranar, rawaya da shuɗi ko'ina, muryata kwana biyu ba ta fita. Toulon da Saracens sun wuce kamar yadda na ce. Munster ce kawai ta ba ni kunya, tsofaffin da na raina suka je har London suka ci. Kada ka ce komai.

To yanzu su ne namu. Mutanen Ireland ne, jajayen riguna, ba su da gudunmu amma ba su san a gaji ba, in suka haɗa kai a turereniya sai ka ce garken shanu ya nufi rafi. Duk da haka mu za mu ci. A ɗaya wasan ina ganin Toulon, ko da yake a London, garin Saracens, za a yi. Ka ga wasan ƙarshe ya zama namu na Faransa, mu da su.

Tambayarka kuwa, na kai ta wurin aiki, ba wanda ya san dalili. Wani dattijo ya ce haka ya tarar.

Abin da ka faɗa na tasha ya tsaya mini a rai. Ka bar gadon Ma'aruf yadda yake, mai shi na zuwa.

Dawuda

*

Kudai, Makka
Farkon Mayu

Dawuda, wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai ɗan ciwon ido na yawan karatu, kuma ba zan ɓoye maka ba, ba duk na kundi ba ne.

A ƙasan benenmu akwai shagon aski na wani Hashimu, Bahaushe ne haifaffen nan, a unguwar Nakkasa ya tashi. Yana da tashoshin wasanni barkatai. Na shiga aski na roƙe shi ya nemo mini zari-ruga. Da ya ga an cukuikuye mutum an maka da ƙasa sai ya ajiye almakashi ya ce, "Esh hada, ya ustaz? Wannan wasa ne walla faɗa?" Na ce masa baƙo zan yi in masu rawaya suka ci. Tun ranar ya zama ɗan Clermont, ko sunan bai iya faɗa ba. Ni kuma don kada in riƙa zama masa a banza, aski nake ta yi, kaina ya koma kamar ƙwarya.

Na ga wasanku da Munster, na ga na Toulon guda biyu da aka maimaita. Barka da kaiwa wasan ƙarshe. Yanzu ka saurari ɗalibin da ya zauna ya yi nazari, ba mai ihu a fili ba.

Kun fi Toulon gudu, kun fi su kyan wasa, wannan ba gardama. Amma ka lura, da Leicester da Saracens, ko sau ɗaya Toulon ba su dangwara ƙwallo a bayan layi ba, kuma duka sun ci. Suna da wani Baturen Ingila mai bugu da ƙafar hagu. Ba ya gaggawa, ba ya fushi. Ku yi laifi ya karɓi uku, ku sake yi ya sake karɓa. Ku kuwa na ga yadda kuka yi da Munster: kuna da goma sha shida suna da uku, sai kuka rikice, da ƙyar kuka sha. An kuma ce mini a gasar ƙasarku sau goma kuka je wasan ƙarshe kuna dawowa hannu rabbana kafin Allah ya ba ku. Wanda ya saba faɗuwa a bakin ƙofa, ƙafarsa takan tuna.

In aka tambaye ni, Toulon ce, da tazara kaɗan. Saboda haka kada ka ɗora ranka da yawa, kuma kada Hure ta kwance kayan Damagaram tukuna.

Ɗan uwanka,
Abdulwadud

*

Clermont-Ferrand
Mayu, ana jibi wasa

Malam, salamu alaikum. Muna lafiya.

Na karanta. Da farko ka ce malamai ba sa son bakancena, yanzu kuma kada Hure ta kwance kaya. Na gane. In kundi ne ya sha maka kai, ko ka duba ka ga ɗan taya ba zai dace da ɗakin malamai ba, da ka faɗa mini kai tsaye ba sai ka bi ta Toulon ba. Akwai otal a Makka. Wurin Allah zan je, ba dole in takura kowa ba.

Clermont za ta ci da tazarar goma. Ka rubuta ka ajiye.

Dawuda

*

Kudai, Makka
Kwana biyu bayan wasa

Dawuda, salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da Hure da yarinya. Na kira ka jiya ba ka ɗaga ba, ban ga laifinka ba.

Wasiƙarka ta yi mini zafi, amma da na koma na karanta tawa na ga yadda za ta karantu a wurinka. Ni da kaina nake. Na ce Toulon ne don in saba wa zuciyata da abin kafin ya zo, don na san kaina, in na sa rai ba na iya saukewa. Kuma duk da haka na sa.

Bari in ba ka labarin yadda na kalla. Ina idar da magariba na faɗa shagon Hashimu. Ya ajiye mini kujerar aski, ya hana kowa zama. Aka tafi hutu uku da uku. Da aka dawo, kafin in gyara zama mun dangwara ɗaya, kafin Hashimu ya gama ihu mun ƙara. Goma sha biyar da shida! Na manta ni ɗalibin fiƙihu ne, na miƙe na rungumi wani Bayamane da ya zo gyaran gemu, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai ƙafar hagu ya karɓi ukunsa, suka zama tara, ban damu ba.

Sai aka kira isha'i. Ka san dokar garin nan, in an kira salla kowane shago rufewa yake. Hashimu ya kashe akwatin talabijin yana jan ƙofa, ya ce, "Halas ya ustaz, salla. Sun ci, mabruk, baƙonka na zuwa."

Allah ya yafe mini sallar nan, don jikina ne kawai a sahu. A raka'ar farko ina tunanin ta wace ƙofa zan shigar da kai Harami, tun da aikin faɗaɗawa ya toshe wasu. A ta biyu na kai ka wurin mai gurasar tamis da wake muna sayen na sahur. Har na yanke shawarar ranar da za ka fara ganin Ka'aba zan ja baya in bar ka, don na ga yadda mutane ke yi, ba a son ido a lokacin.

Muka fito, Hashimu ya ɗaga ƙofa ya kunna. 'Yan Toulon ne ke rungumar juna. Goma sha shida da goma sha biyar. Na tsaya ina kallon lambar, ina jira ta gyaru. Hashimu ya ɗauki tsintsiya ya fara share gashin da ya riga ya share.

Na hau sama na zauna. Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi shiru haka ba, ko ranar da Ma'aruf ya tafi. Hasashena ya yi daidai, kuma ban taɓa ƙin yin daidai kamar wannan karo ba.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Abdulwadud

*

Clermont-Ferrand
Ƙarshen Yuni

Taubashina, salamu alaikum. Muna lafiya. Ka yafe mini shirun, ka yafe mini maganar otal. Kunya ce ta riƙe ni fiye da baƙin cikin wasan. A wurin aiki an yi mako ba mai ɗaga murya, sai ƙarar inji. Ni ko tele ban kunna ba, yarinya ta yi ta jan wandona tana nunawa.

Na karanta wa Hure wasiƙarka. Da na zo wurin sallar isha'i ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu ga abin da ke gabanmu, kuma lokaci ya matse. An aiko daga Damagaram cewa idon tsohuwar Hure yana ta dushewa, yanzu mutum sai ya matso sosai take gane shi. Ba ta taɓa ganin yarinyar nan ba. Hure ba za ta iya tafiyar ita kaɗai da goyo ba, jirgi biyu ne sannan doguwar mota daga Yamai. Duk da haka jiya ta ce mini, "In akwai sauran alkawarin nan a wuyanka, ka tafi Makka. Ba zan so a ce ni na hana ba."

Shi ne nake tambayar ka a matsayinka na malami. Gaskiya ne cewa na yi in mun ɗauki kofi, kuma ba mu ɗauka ba. Amma ai na ambaci Allah, na ambaci Ɗakinsa, na yi wata da watanni zuciyata na can. Mutum ya yi haka sannan ya fasa saboda maki ɗaya? Ka duba littattafanka da kyau, ku malamai ba kwa rasa wata ƙofa. In ka ce akwai wani abu a kaina, ko yaya yake, washegari zan nemi biza, kuma Hure ba za ta ce uffan ba. In ka ce babu, sai Damagaram. Ba zan tambayi kowa ba sai kai, abin da ka faɗa shi za mu yi.

Naka,
Dawuda

*

Kudai, Makka
Farkon Yuli, ana shirin azumi

Dawuda, wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya. Allah ya ba tsohuwa sauƙi, ya saka wa Hure da alheri, ka auri mutuniyar kirki.

Ka ɗora mini abu mai nauyi, shi ya sa amsar ta yi jinkiri. Ka ce in duba da kyau, kuma na duba. Ko kundina ban taɓa yi wa irin wannan bincike ba. Na bi mazhabarmu, na leƙa ta maƙwabta, na nemo maganganun da ni kaina in ɗalibi ya kawo mini su zan ce masa masu rauni ne. Har malamin da ke duba kundina na tara a bakin ofis na ce masa wani mutum ne ya tambaye ni. Ya dube ni ya ce, "Wannan ai ɗan ajin farko ya san amsarta, me ya same ka?" Na ce ba komai.

Ga amsa. Babu komai a wuyanka. Sharaɗi ka sa, bai cika ba, bakance ya warware. Ba kaffara, ba ramuwa. Umara aikin lada ce duk ranar da Allah ya ba ka iko, Ɗakin yana nan. Idon tsohuwa kuwa ba zai jira baɗi ba. Ka ɗauki iyalinka ku tafi Damagaram, ka sa mata yarinyar a cinya da rana, inda haske ya fi yawa.

Wannan amsar malami ce, kuma ita ce gaskiya. Ni kuwa, jikan Hassan, ina so ka zo. Tun da na sa ƙafa a ƙasar nan ban so wani abu kamar haka ba. Na rubuta kalmar "babu" na goge, na sake rubutawa, don na san da kalma ɗaya zan iya kawo ka, kuma ba wanda zai taɓa ganewa, kai ba za ka bincika ba, Hure ba za ta yi gardama ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Saboda haka ina roƙon ka abu ɗaya. Da ka karanta wannan, ka je ka yanki tikitin Yamai kafin ka ba ni amsa. Kada ka rubuto ka ce in sake dubawa, kada ka kira ni a kan maganar. Azumi zai kama, garin zai cika da mutane da danginsu, kuma ban tabbata zan iya ba ka wannan amsar sau biyu ba.

Allah ya kai ku lafiya.

Ɗan uwanka,
Abdulwadud